Kwanon da Surukina Ya Cika

Matata ta yi shekara shida mahaifinta bai ce mata ko sannu ba. Ranar da Allah ya kawo hanyar shiryawa kuma, saura ƙiris in ƙara mata wasu shidan, ba da mugunta ba, da tsabar ladabi. Amma kafin in zo nan sai na faɗi yadda aka yi ɗan Gumel ya samu suruki a can ƙarshen duniya.

Takardar da na sauka Jidda da ita cewa ta yi ni direban kamfani ne. Ejan da ya yi mini hanya a Kano ya rantse cewa mota mai sanyi za a ba ni in riƙa kai manya ofis. Motar da ta kwashe mu daga filin jirgi ko gilashin kirki ba ta da shi, kuma ba ta tsaya ba sai a unguwar da ake ce wa Madinar Masana'antu, can kudancin gari, a ƙofar wani ƙaton sito na tayil da kayan banɗaki. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, take ƙarƙashin sunansa, ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, ya nuna mini kwalaye jibge har rufi. Na tattaro ɗan Larabcin Islamiyya na ce masa ni fa direba ne. Ya ce tayyib, ya nuna mini baro.

Mu takwas ne a ɗaki ɗaya. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙona ka yake ya bar ka a bushe, nasu kuwa jiƙa ka yake tun da asuba, ka wanke riga ta wuni a igiya tana nan da danshinta. Na daina kiran gida ta bidiyo, don Inna da ta ga ƙashin wuyana sai ta fara tambayoyin da ba ni da amsarsu. Aikin bai dame ni kamar rashin wanda zan yi wa Hausa ba. Akwai wata ramammiyar kyanwa a siton, ita nake ba labarin gida idan muna hutun azahar.

Wani dattijon Basudane mai suna Usman shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a wurin. Ya ce mutumin da ya fara hira da kyanwa sana'a yake bukata. Kullum idan mutane sun kwanta hutun rana sai ya ɗora ni a kan motar yana nuna mini, yana zagina cikin ruwan sanyi idan na kusa ture kaya. Bayan shekara ɗaya da rabi shi ya yi mini hanya aka mayar da iƙamata wani kamfani a Tashar Jiragen Ruwa. Ranar da fasfona ya dawo hannuna na daɗe ina jujjuya shi. Ban ƙara ganin Usman ba, an ce ya koma ƙasarsu.

A tashar ne wani ɗan Maraɗi ya kai ni gidan Hajja Zahra'u a unguwar Karantina. Kakanta ne ya zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ita ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma tuwonta da miyar kukarta sun fi na wasu da aka haifa a gindin kuka. Duk Juma'a bayan an sauko, tsakar gidanta cika yake da irinmu.

"Inta ɗan wane balad?" ta tambaye ni ranar farko.

"Gumel, Hajja."

"Ban san ta ba. Zauna ka ci, ya waladi, wuyan nan naka haram."

Tun daga ranar ta zama uwata a Jidda. Hausarta ta kakanni ce, haka ma al'adarta. Abubuwan da mu a gida muka fara saki, ita tana riƙe da su gam, wataƙila don su kaɗai aka bar mata gado.

A shekarata ta uku wani katakon ɗora kaya ya sulluɓe ya sauka a kan ƙafata ta hagu. Na yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Nas ɗin da ke kula da ɗakinmu 'yar siririya ce, da hijabi, da fuskar Sinawa. Rana ta biyu ta tarar bandejina jiƙe sharkaf.

"Wa ya ce ka zuba ruwa a nan?" Larabcinta ya fi nawa nesa.

"Alwala na yi."

"Shafa ake yi a kan bandeji. Ba a koya maka ba?"

Ni da kakana limamin unguwa ne, ga 'yar Sin tana koya mini alwala. Ta sauya bandejin, ba da tausasawa ba. Sunanta Maryam, 'yar Malesiya ce, iyayenta Sinawa masu bin addinin Tao, a gida kuma Mei suke kiranta. Ta musulunta tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya.

Ba zan ja labarin neman aure ba. Hajja ce ta saka baƙar abayarta ta tafi gidan ma'aikatan asibiti da dabino da turare, ta dawo ta ce, "Siniyyar nan tana da adab, halas." Takardu suka ci mana wata takwas, alƙali ya zama waliyyinta. Da na gaya wa Inna ta waya, tambaya ɗaya ta yi, ko yarinyar tana salla. Na ce tana yi. Ta ce to Allah ya sa albarka. Muka kama ɗaki da falo a Aziziyya, hawa na uku. Hajja ta koya mata kaɗa miya, ta kuma gaya mata mace ba ta faɗin sunan mijinta. Shi ya sa take ce mini Malam, da farko da tsokana, daga baya ya bi bakinta.

Duk ƙarshen mako tana kiran mahaifiyarta ta bidiyo. Wani lokaci sai in ga wani tsoho cikin farar singileti ya gifta ta bayan tsohuwar, bai taɓa waiwayowa ba. Maryam takan bi shi da ido har ya wuce. Sai da muka yi wata biyar da aure ta ba ni labarin.

Mahaifinta, tsoho Lim, ya shekara arba'in yana sayar da taliya da romo a kasuwar garinsu. Da wannan tukunyar ya yi wa 'ya'yansa uku makaranta. Hutun farko bayan ta musulunta, wata ƙawarta mai zafin addini ta ce mata kada ta kuskura ta ci a kwanon gidansu. Sai ta je gida da sabuwar tukunya da faranti da cokali a leda. Da aka zauna cin abinci ta dafa nata daban, ta zauna gefe da farantinta. Tsohon ya dubi tukunyar, ya dube ta, ya ajiye tsinkayen da suke cin abinci da su, ya fita. Tun daga ranar idan yana da magana da ita sai ya ce wa mahaifiyarta, "Gaya mata kaza," ko da tana tsaye a gabansa.

"Naman alade ba zan ci ba, ya sani," in ji ta. "Amma da na roƙe shi ya dafa mini kaza da hannunsa, da ya dafa. Ni kuwa na shigo masa da tukunya kamar gidan nasa juji ne."

Ta rubuta masa wasiƙa, ta aika masa da agogo daga Jidda. Ba ta ji ko an buɗe ba.

Shekararmu biyu da aure mahaifiyarta ta kira ba a ranar da ta saba ba. A haikalin garinsu, wato ɗakin ibadarsu, duk shekara ana zaɓen mutum ɗaya da zai riƙe kaskon turaren haikalin a gidansa. Ba ƙuri'ar mutane ba ce, wasu 'yan katakai biyu ake jefawa a ƙasa ana kiran sunaye. Tsoho Lim ya shekara talatin ana kiran sunansa bai dace ba, bana ya dace. Za a yi babbar liyafar haikali, kuma al'ada ce mai riƙon kasko ya zauna a babban tebur da iyalinsa kaf. Tebur na mutum goma ne. Shi da matarsa, 'ya'yansa maza biyu da matansu, ƙanensa da matarsa, takwas ke nan.

"Bai ce a kira ki ba," in ji tsohuwar. "Amma da aka ce a ba maƙwabta kujeru biyun, ya ce a bar su."

Maryam ta ajiye wayar ta shiga kicin tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Na je wurin malamin da ke mana limanci a masallacin tasha, na faɗa masa komai. Ya ce, "Ba za ka rusuna wa komai ba, ba za ka kunna musu turare ba, ba za ka ci abin da aka yanka da sunan wanin Allah ba. Bayan wannan, iyaye iyaye ne ko ba sa salla. Zumunci a ƙafa yake. Ka kai ta."

Daga nan na wuce Karantina. Hajja ta sa na zauna a kan tabarma ta ɗaga mini yatsa.

"Isma' ya waladi. Suruki ba abokin wasa ba ne. Ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, idonka a ƙasa. In ya miƙo hannu kada ka kama, aib. In an kawo abinci, ko yunwa za ta kashe ka ba ka ci a gabansa. Mijina, Allah yarhamu, shekara talatin babana bai taɓa ganin ya tauna ko goro ba. Kada su ce Hausawa ba su da tarbiyya."

Ba ta gaya mini sabon abu ba. Mijin yayata ya taɓa cusa ƙosai mai zafi a aljihu da ya hango Baba ya shanyo kwana, ya tsaya yana gaisuwa mai yana bin rigarsa. Da haka na tashi, kuma na ɗauka duk ɗan Adam da haka ya tashi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in yi wa Maryam bayani ba. A Jidda ba ta da dangi, ba ta taɓa ganina a gaban suruki ba, ni kuma a ganina wannan ba abin bayani ba ne, kamar ka zauna kana gaya wa mutum ana rufe ƙofar banɗaki.

Bizar fita da dawowa ta ci mini mako uku ina sintiri a ofishin kamfani. Jirgi ya yi awa tara da mu. Muka sauka a ƙasar da ko ina kore ne shar, ruwan sama kuma ba ya neman izinin kowa. A gidan babban wanta muka sauka, a wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar.

Washegari da hantsi aka kai mu gaisuwa. A falon akwai wata jar kanta a bango da hotunan kakanni da lemo da turare yana hayaƙi. Tsohon yana zaune a kujerar katako, gajere, busasshe, damatsansa duk tabon ƙunar tukunya. Maryam ta ce, "Pa." Ya dubi bango. Ni kuma ya miƙe tsaye ya miƙo mini hannu.

Na yi abin da aka koya mini. Na noƙe hannuna, na zube a ƙasa, na kafa ido a kan tayil ina jero gaisuwa. Hannunsa ya ɗan jima a iska kafin ya janye. Aka kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna, shi da kansa ya zuba mini. Na yi godiya ban taɓa ba. Da muka fito Maryam ta ce ko gajiyar jirgi ce, na ce e. A raina kuwa ina yaba wa kaina, ina cewa da Hajja ta gani da ta sa mini albarka.

Ranar liyafa an rufe titin gaban haikalin, an kafa rumfuna daga wannan kai zuwa wancan. Tebura zagayayyu da jajayen ƙyallaye, ban iya ƙirga su ba. A ƙofar haikalin an kafa turaren tsinke guda uku, kowanne ya fi taɓarya kauri, ya fi mutum tsawo. Ana ta buga ganguna da kuge. A gefe akwai dandamali, 'yan wasa da fuskoki fentattu suna waƙa da siririyar murya, amma haikalin suke fuskanta, ba jama'a ba. Maryam ta ce ba don mutane ake wasan ba, mutane 'yan kallo ne kawai. An jera gasassun aladu a kan jajayen tire, na kau da kai.

Surukina ya fito cikin doguwar riga da jan ƙyalle a kafaɗa, rungume da kaskon, 'ya'yansa maza a bayansa. Ya zama wani mutum daban, har tsawo ya ƙara. Iyalin suka shiga ciki da turarensu, ni da Maryam muka tsaya a bakin ƙofa daga waje. Ba wanda ya ce mu shiga, ba wanda ya harare mu. Da magariba ta yi muka tsallaka wani ƙaramin masallaci a bayan kasuwa muka yi salla, muka dawo an fara zama.

Aka zaunar da ni a hannun daman tsohon, Maryam a kusa da ni. Na lura da wasu abubuwa, sai dai ban auna su ba. Sauran tebura cike suke da kwalaben giya, namu shayi ne da lemon kwalba. Kwanukanmu farare ne sababbi, har akwai mai takardar kanti manne a gindinsa. Masu kai abinci sauran tebura samari ne da jajayen riguna, mu kuwa wata dattijuwa mai hijabi ce take kawo mana daga wata mota daban. Duk na gani, amma hankalina yana kan yadda zan zauna awa biyu kafaɗa da kafaɗa da surukina ban yi abin kunya ba.

Abincinsu ba a kawo shi lokaci ɗaya, bi da bi ake kawowa. Da aka ajiye babban kifi a tsakiya, kowa ya jira. Tsohon ya ɗauki tsinkayensa, ya ciro tsokar kumatun kifin, wadda daga baya na ji ita ce ake ba babban baƙo, ya sa a kwanona. Na sunkuyar da kai na ce na gode. Na ɗora hannuwana a cinya.

Aka kawo kaza, ya zaɓo cinya ya ɗora mini. Aka kawo jatan lande, ya ɓare biyu da yatsunsa ya ɗora. Aka kawo ganye da naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci, ya ƙara. Kwanon Maryam bai kalla ba, mahaifiyarta ce ke zuba mata. Kwanona ya yi tozo. Cikina yana kuka, don tun karin safe ban sa komai a baki ba, amma ina jin daɗin kaina. Hirar teburin ta fara raguwa.

"Malam, ka ci," in ji Maryam ƙasa-ƙasa.

"Na ƙoshi."

"Ba ka ƙoshi ba. Halal ne, na tambayi Ma."

"Ba wannan ba ne."

"To mene ne?"

Ta yaya zan tsaya ina bayani, mutumin yana zaune a gefena yana kallona? Na yi murmushi na ƙara sunkuyar da kai. Yana ƙara kallona ina ƙara ladabi.

Sai ya ɗaga hannu ya kira dattijuwar mai hijabi. Ta zo tana goge hannu, ta yi mini sallama cikakkiya, na amsa. Da ta ji daga Jidda muke ta ce ta bi ta can shekarar da ta yi hajji. Sannan ta yi mini bayani da Turanci. Ita Musulma ce, abincin biki take dafawa. Mako biyu da suka wuce tsohon nan ya je gidanta da kansa ɗauke da sababbin tukwane da kwanuka daga kasuwa. Ya tsaya a kan mijinta har ya yanka kajin da bisimilla. Ya ce kada ko ƙwayar shinkafa ta teburin nan ta bi ta gaban haikali. Ya hana ƙanensa da 'ya'yansa giya da alade a ranar da ya shekara talatin yana jira.

"Ka ci, ɗana," ta ce. "Ni na dafa."

A nan wautata ta kai maƙura. Jin wannan sai kunyarsa ta ƙara kama ni. Mutumin da ya yi mini wannan karamci, in buɗe baki ina tauna a gabansa kamar sa'ana? Na dafa ƙirji na yi godiya har sau uku, na mayar da hannuna cinya.

Tsohon ya ajiye tsinkayensa a kan tebur a hankali. Na ji Maryam ta ja numfashi. Ya juya wajen matarsa ya yi magana da yarensu, gajeriya, ba da ɗaga murya ba. Teburin ya yi tsit, ganguna kuwa suna ta yi. Ya dafa tebur zai tashi.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

Idonta yana kan mahaifinta. Na sake tambaya.

"Ya ce ya sayi sababbin tukwane, ya sayi sababbin kwanuka. Abin da ya rage hannunsa ne, shi kuma ba a sayar da sabo a kasuwa."

Rashin sani ya fi dare duhu. A lokacin na ga abin da tsohon yake gani tun ranar gaisuwa: baƙon da ya ƙi taɓa hannunsa, ya ƙi shan shayinsa, ya ƙi kallon fuskarsa, yanzu kuma ya ƙi abincin da ya ɗebo masa a gaban duk garin. 'Yarsa ta zo masa da tukunya, ta koma ta dawo masa da miji mai ƙyamarsa. Tsoro ya kama ni, ba don kaina ba. Na san in ya bar kujerar nan, Maryam ba za ta ƙara samun wata ba.

"Gaya masa ba ƙyama ba ce," na ce. "Gaya masa a garinmu mutum ba ya cin abinci a gaban uban matarsa. Ba ya kama hannunsa, ba ya haɗa ido da shi. Wanda ka fi girmamawa shi kake yi wa haka."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Na ɗauka kowa ya sani."

"Ba ya magana da ni, Malam."

"Kunnensa ai yana ji."

Ta miƙe tsaye. Ta ce "Pa," ta yi magana mai tsawo, ta fi tawa tsawo sosai. Ban san abin da ta ƙara ba, har yau ban tambaya ba. Tsohon yana tsaye rabi, hannunsa a kan tebur, yana kallon kifin. Da ta gama ya yi wa matarsa tambaya, babban wan ya fassara mini.

"Yana tambaya, sai yaushe ake ci?"

"Ba a ci," na ce. "Har a mutu."

Ƙaramin wan ya yi dariya, matarsa ta zungure shi. Tsohon bai yi dariya ba. Ya koma ya zauna. Na miƙa masa hannu biyu, ya bar su a iska daidai yadda na bar nasa, sannan ya nuna kwanon da haɓa. Babban wan ya ce, "Ya ce wancan garinku ne. Nan teburinsa ne."

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ka nemi tsumma ka ɗaura. Wanda ya yi karin maganar bai faɗi nauyin tsumman ba. Na ɗauki tsinkayen, mutum tara suna kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji nake kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwar Gumel, Baba da Hajja suna tsaye. Na yi bisimilla na kamo tsokar kifin, ta suɓuce ta faɗa kan jan ƙyalle. Na kamo wata, ta faɗa cikin shayi. A karo na uku na sunkuya na tare ta da baki tun ba ta yi nisa ba. Ta huce tuntuni. Na tauna, surukina yana kallon muƙamuƙina, bai ɗauke ido ba sai da ya ga na haɗiye.

Sannan ya juya. Ba wajen matarsa ba, ya tsallake ni ya dubi Maryam. Ya yi magana guda ɗaya, a cikinta na ji "Mei." Ta miƙe da sauri har kujerarta ta kusa faɗuwa, ta bar teburin. Tsohuwar ta sa hannu ta rufe bakinta.

Na dubi babban wan. Shi ma sai da ya gyara murya.

"Ya ce, Mei, mijinki zai zubar mini da kifi duka, je ki samo masa cokali mai yatsu."

Cokulan suna cikin kwando a kan teburin da ke bayanmu, taku biyu. Ta wuce su ta nufi bayan rumfa. Sai da aka kwashe kifi aka kawo shinkafa sannan ta dawo da cokalin, idonta jawur.